Injin Ban Ruwan Kawu

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigida da yara, yaya zafin Agadas? Inna lafiya lau, ƙafar ta yi sauƙi.

Bana malaminmu na injiniyanci ya ce haddar littafi ta isa, kowa ya dubi matsalar garinsu ya ƙera maganinta. Wasu malaman suka ce ɓata lokaci ne, mu ɗalibai kuwa muka so abin. Ni na haɗa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, saboda gonar Kawu Idi ta Gangara.

Ya yi aiki, har masu sukar suka yaba. Da na kawo shi Jibiya, sai na iske Kawu zaune a zaurenmu da kayansa. 'Yan bindiga sun hana noma, ya taso da iyalinsa. Ya shafa injin ya ce, "Allah shi yi albarka, ɗana. Aje shi."

Na aje shi bayan ɗakin Inna. Yaya, ko baƙin ciki ban ji ba. Ina ci, ina barci, shi ke nan.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Sanusi