Ina So In Sake Jin Kukan Motata

Vern, don Allah ka taimake ni da shawara. Sati biyu ke nan wani dogon kwali yana jingine a garejina, na kasa buɗe shi, na kuma kasa mayar wa masu shi.

Shekarata sittin da tara. Talatin da huɗu daga ciki a masana'antar buga ƙarfe na yi su, a gaban injin da ke dukan faranti tun safe har yamma. A zamaninmu duk wanda ya toshe kunne dariya ake yi masa, ni kuwa ba na son a yi mini dariya. Yau kunnen hagu ya kusa tafiya duka, na dama yana bin sawunsa.

Motata Oldsmobile 442 ce ƙirar 1969, koriya. Na saye ta a 1977 hannun wani mai gyaran rufi da matarsa ta haifa masa tagwaye. Da ita na nemi auren matata Darlene. Takan ce tun ina shan kwanar cocinsu take jin zuwana, sai ta bar wanke-wanke ta fito baranda tana goge hannu a siket. Mahaifinta kuwa cewa yake yi wannan ba mota ba ce, hadari ne ya sauko ƙasa. Da muka fara haihuwa na sa mata salansa mai ladabi don kada ta riƙa tayar da jarirai. Ita ce yanzu tsatsa ta cinye, har ana zura yatsa a jikin bututun, don haka canji dai ya zama dole.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. A watan Oktoba, fitarmu ta ƙarshe kafin in rufe motar don hunturu, muka je inda 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ke jera motocinsu ranar Asabar, gaban mai sayar da hambaga. Da za mu tafi na shiga na tayar da ita, wani ya tsayar da ni da magana, da na juyo sai na sake murɗa makulli. Ashe injin yana aiki. Ban ji shi ba, Vern. Ƙarar da sitata, abin tayar da injin, ta yi ma ban ji sosai ba, a yatsuna na ji ta, sannan na ga kowa ya juyo yana yamutsa fuska. Shekara arba'in da bakwai ina tare da motar nan, na san tarinta, na san lokacin da take son mai, ranar nan ga ni zaune a cikinta ban san tana numfashi ba.

Duane, abokina tun muna makaranta, yana da shagon walda. Shi ya ce in sa bututu mai faɗin inci uku da salansar nan da babu komai a cikinta, wai ko mutanen maƙabarta sai sun san na wuce. Ita ce a cikin kwalin. Kuma ina so in ɗaura da hannuna, kamar yadda na ɗaura ta farko ina kwance a kan kwali a ƙasa.

'Yata Renee ma'aikaciyar jinya ce a Grand Rapids. Da ta ji labari sai ta rubuto mini saƙo, don ta san waya ba ta da amfani a wurina yanzu. Ta ce ɗan abin da ya rage mini na ji zan ƙone shi a bazara ɗaya, kuma kunnen ƙashi ne ke damuna fiye da kurunta. Na'urar ji da ta kai ni aka gwada mini tana cikin durowa tare da safa. Sau ɗaya na sa ta na je coci, ƙarar takardu da tarin mutane suka cika mini kai, na cire tun ba a tashi ba.

Darlene ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Kallon kwalin ta yi ta ce idan na ɗaura, in nemi Duane ya riƙa zama a kujerarta ta cikin motar. Wannan kujera kuwa babu wanda ya taɓa zama a kai sai ita. Duk wata babbar magana ta rayuwarmu a cikin motar nan muka yi ta, har sunan Renee a hanyar bakin tafki muka zaɓa. Bara muna kan wannan hanya na ga leɓenta yana motsi, sai na gyaɗa kai na ce haka ne, kamar yadda na saba idan ban ji ba. Ta juya ta kalli taga har muka iso gida. Daga baya Renee ta gaya mini ba magana take yi ba, waƙa take rera mini, wadda takan rera muna saurayi da budurwa.

Na san ina ta zuba. Abin da nake so kawai in ji motar nan sau ɗaya kamar da, kafin shirun ya rufe ni gaba ɗaya. Laifi ne? In buɗe kwalin ko in mayar?

Mai Kunnen Ƙashi, Muskegon

*

Mai Kunnen Ƙashi,

Ka mayar da kwalin. Amma kada ka tashi tukuna, don ban ce ka haƙura da kukan motarka ba. Abin da kake so ba laifi ba ne, kuma ana iya samunsa.

Duane yana ƙaunarka, amma ya ɗauka ƙara da amo abu ɗaya ne. Kunnen da injin masana'anta ya cinye yakan fara rasa siraran sautuka ne, kaurin sauti shi ke daɗewa. Salansar da ke kwalinka tsawa za ta ba ka mai tsaga kunne, ga gunji a cikin mota idan kun hau babban titi. Wannan gunjin Darlene take gudu, shi kuma Renee take tsoro, su biyun suna da gaskiya. Bayan haka inci uku ya yi wa injin da ba a taɓa ƙara masa ƙarfi ba yawa.

Ka nemi bututu biyu masu inci biyu da rabi, na ƙarfen da ba ya tsatsa, da ɗan guntun da ke haɗa su a tsakiya, shi ke tausasa sautin. Salansar ta zama mai ɗakuna a ciki, mai kauri da zurfi, irin wadda ake ji a ƙirji da kujera. Bututun ya fita har bayan mota, kada a yanke shi a ƙarƙashi, don hayaƙi da gunji duk ciki za su dawo. Kafin ka saya, ka bari a fara fito da motoci a watan Afrilu, ka ɗauki Darlene ku je wurin 'yan ƙungiyarku. A tayar muku da uku ko huɗu, a zaga da ku. Kai ka dafa jikin motar, ita ta saurara. Wadda ta gamsar da tafin hannunka da kunnenta, ita ce taku.

Batun ɗaurawa, ka yi da hannunka, amma a shagon Duane, mota a sama, kai a tsaye. Notocin da ke bakin inji sun daɗe da kamawa, ka jiƙa su da man kwance tsatsa kwana uku, wanda ya ƙi a gasa shi da wuta, kada ka yi masa ƙarfi ya karye. Ka rataya komai sako-sako daga gaba zuwa baya, ka tabbata babu inda ya kusanci bututun fetur ko na birki, sannan ka ɗaure. Idan ta yi zafi ta huce, ka sake bin notocin.

Na'urar jin nan kuwa, fito da ita daga cikin safa. Sawa sau ɗaya a coci ba gwaji ba ne. Kai da ka san sau nawa ake taɓa kafireto kafin ya zauna, ka koma wurin likitan kunne ya daidaita ta, ka ba ta makonni, ka kuma tambaye shi yadda za ka yi da ita a cikin mota. Kuma ka daina cewa haka ne alhali ba ka ji ba. Cewa a maimaita maka ya fi sauƙi a zuciyar mai magana.

Abu na ƙarshe. Ka rubuto wa baƙo cewa kana tsoron shirun da ke tafe, amma ban ga inda ka ce ka gaya wa matarka ba. Ina zaton ita kwali kawai ta gani, da miji mai son hayaniya. Ka zaunar da ita inda kake ganin fuskarta sosai, ka faɗa mata yadda ka faɗa mini. Ka yi wannan kafin ka taɓa sifana.

Allah ya tsare maka abin da ya rage na jinka, ya ba ku bazara mai daɗi da hanya lafiya, ku biyu.

Vern