Mai Riƙe Min Igiya Ya Canza

Assalamu alaikum 'yan ƙungiyar masu sauraron rediyo ta Tawa. Don Allah shugaba a karanta wannan a ɓoye sunana, ku kuma ku taimaka min da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni mahaƙin rijiya ne, cikin ma'aikatan da gwamnatinmu sabuwa ta tura haƙar rijiyoyin siminti wajen Tebaram. A aikinmu wanda zai shiga ƙasa shi ke zaɓen mai riƙe masa igiya, kuma ba a canzawa haka nan, in ka canza mutum to ka shelanta wa duniya ba ka yarda da shi ba, ba wanda zai sake ba shi igiya. Nawa mai riƙon, zan kira shi Illa, ya girme ni, shi ya koya min aikin.

Bara rijiya ta rufta da ƙanensa, igiyar tana hannunsa. Ba laifinsa ba ne, ƙasa ce ta zube, amma tun ran nan Illa bai dawo daidai ba. Ba ya cin tuwo tare da mu, sai ka gan shi yana magana shi kaɗai. Kwanan nan na lura da wani ƙulli a lalitarsa, in an dafa shayi sai ya juya baya ya barbaɗa a kofinsa, can idanu su yi ja, ya kama dariya ba dalili. Ni dai zargina 'ya'yan zaƙami ne. Ina kuma zargin sauran sun sani, don da na tambaya kowa kallon takalminsa ya yi, ai ba su ke rataye a hannun Illa ba!

Ran kasuwar da ta wuce ina ƙasa, na girgiza igiya a ja ni, shiru. Na yi kira har muryata ta dushe, sai kawai aka fizge ni da ƙarfi, kafaɗata ta bugi bango, har yau ba na ɗaga hannun sosai. Da na fito muka yi cacar baki, na ce sai ya nuna min ƙullin, ya ce magani ne wani boka ya ba shi, na ce ƙarya ne. Daga baya ya same ni ni kaɗai, ya ce, "Ƙanena, in ban sha ba, muryar marigayin nika ji cikin ramin ga, shina kirana. Kak ka hwaɗa ma shef." Wallahi tausayinsa ya kama ni, kuma tsoro ya ƙaru.

In na gaya wa shef, wato shugaban aikinmu, korarsa zai yi, danginsa kuma na san su, mari za su sa masa a ƙafa a ce ya haukace. Na ce mu je likita a Tawa, ya ce shi lafiyarsa lau. In na yi shiru, ni ma ina da 'ya'ya ƙanana.

Yanzu mun kai wurin duwatsu, rijiyar ta yi zurfin da in ka ɗaga kai, sama ba ta fi faifai ba. Bayan hutun da muke yi yanzu ni ne da shiga. Jama'a, in miƙa masa igiyar, ko in miƙa wa wani a gaban idonsa?