Hatimi a Kan Teburin Kicin

Zuwa ga jikata Darla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da saurayin nan naki mai gemu kamar na bunsuru. Rubutowa na yi ban kira ba, don kakanki Delmer ya koyi laɓewa a bayan ƙofa in ina waya, kuma kin san ni ban iya magana ƙasa-ƙasa ba.

Kakanki ba daidai yake ba. Da safe shi ne Delmer ɗin da kika sani: ya sha kofi, ya zagi gwamnati, ya ce gurasata ta ƙone. Da rana ta karkata sai ya fita neman karensa da ya mutu tun kina firamare. Likitarsa ta ja ni gefe ta ce in hanzarta ya sa hannu a takardar wakilci, wadda za ta ba ni ikon yanke magana a madadinsa, a asibiti da banki da kan gidan nan. Ta ce in hankalin ya ida tafiya ba a yi ba, sai dai kotu ta naɗa masa mai kula, kuma ba lallai ta zaɓi tsohuwa mai sanda irina ba. Darla, in baƙo ya karɓi ragamarsa, gidan tsofaffi za a kai shi. Mutumin da ko a gidan ƙanwarsa bai taɓa iya barci ba.

Takardar tana hannuna, amma ba ta aiki sai notari, wato mai shaidar sa hannu da hukuma ta amince da shi, ya shaida ya buga hatiminsa. Akwai ɗaya a kantin aika kaya na cikin gari, shiga kawai ake yi a bi layi. Akwai kuma wata Misis Ketchum da matar fasto ta ba ni lambarta, ita ma notari ce, da mota take bin gidaje. Tsada gare ta, amma ba kuɗin ne ya dame ni ba. Ta shigo ta ga na ɗaure ƙofar baya da igiya, na binne makullin mota a cikin garin masara, sai ta ce me? In ta kai rahoto fa?

Ke ce mai boko. Faɗa mini.

Kakarki da ta fi ki kyau,
Verna

*

Kakata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da Kaka Delmer. Na karanta wasiƙarki a wurin aiki, na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Ki kira Misis Ketchum. Don Allah kada ki kai shi gari; kin ce da kanki safiya ce kaɗai tasa, kuma hayaniya tana birkita shi. Notari ba takarda yake shaida ba, mutum yake shaida: sai ya gan shi ido da ido, ya duba lasisin tuƙinsa, ya tabbatar ya san abin da yake sa wa hannu kuma ba tilasta masa aka yi ba. Igiyar ƙofarki ba huruminta ba ce. Kuɗin zuwan nata ni zan biya, kada ki yi mini gardama.

Kuma Trent ya aske gemun.

Taki har kullum,
Darla

*

Darla, sarauniyar wayo,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso bayan na gama ɓarnar.

Na ga kamar na fi kowa dabara. Wata safiya da hankalinsa ke garau na miƙa masa alƙalami, ya sa hannu tsaf, har da 'yar wutsiyar nan da yake yi wa sunansa. Na bar shi wurin maƙwabcinmu Hollis, na ɗauki takardar na tafi kantin ni kaɗai, a zatona hatimi ne kawai a danƙara in dawo. Matar da ke teburin ta ce, “Ina mai sa hannun?” Na ce, “Yana gida yana wa Hollis ƙaryar kamun kifi.” Ta ce, “Sai ya zo da ƙafarsa, Mama.”

Washegari na kai shi. Hollis bai samu sukunin tuƙa mu ba sai bayan abincin rana, ga layi har bakin ƙofa, kowa da kwalinsa, ga wata na'ura tana ƙara kamar ana yanka katako. Ina kallon fuskarsa tana canzawa. Da muka isa gaban matar ta ce, “Malam Pruitt, ka san wace takarda ce wannan?” Ya ce saƙo ya zo aika wa yayansa da ke soja. Yayan da muka binne tun kafin a haifi uwarki. Sannan ya nuna ni da haɓa ya ce, “Wannan matar ce ta kawo ni. Ban san me take so da ni ba.”

Matar ta mayar da hatiminta cikin aljihun tebur. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Kallona ta yi irin kallon da ake yi wa wadda ta sato tsoho. Na sa mijina a gaba muka fito.

Ni da nake ba ku labarin dodo ku kasa barci, yau ni ce a tsorace. Da na ji mota a kan tsakuwar hanya sai in ce ga hukuma nan sun zo ɗaukarsa.

Na karɓo sabuwar takarda, na kira Ketchum ɗin taki. Za ta zo ranar Asabar da safe. Ta ce mini a waya, “Zan so in zauna da shi mu biyu, ke ki ɗan fita.” Kin ji fa. Na fara koya masa amsa ina wanke-wanke, ya ce, “Verna, aku kika mayar da ni?” Ya kira sunana dai. Amma safiyoyin ma sun fara gajarta. In Asabar ta zo da irin ranar kantin fa?

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida askakken bunsuru.

Verna

*

Kaka,

Gaisuwa a gurguje, don wannan ta riga Asabar isowa. Na nemi hutu an hana ni.

Ki daina koya masa. In ta ji kamar haddace ya yi, za ta ƙi, kuma da gaskiyarta. Ki ba shi kofinsa, ki bar shi a kujerarsa, ki fita in ta ce ki fita. In bai gane ba, to bai gane ba. Zan zo mu tsaya gaban alƙali tare. Nima tsoron nake ji.

Darla

*

Darla,

Gaisuwa. Ta zo. 'Yar gajeruwa ce da jaka, ta ci gurasata biyu kafin ta ce in fita. Ko kallon igiyar ba ta yi ba. Na fita, na manna kunne a ƙofa, halin kakanki na ara.

Na ji ta ce, “Ka san me wannan takardar take yi?” Can ya ce, “Tana ba Verna ikon juya ni in kaina ya tafi. Kuma yana tafiya, na sani.” Ta ce, “Akwai wanda ya matsa maka?” Ya ce, “Tun ranar aurenmu take juya ni ba hatimi. Buga mata kawai.”

Ta kira ni da Hollis da matar fasto, waɗanda na gayyato su zama shaidu, ya sa hannu, ta buga.

Da yamma ya same ni a baranda ya ce, “Baiwar Allah, ko kin ga matata?” Na ce yanzu za ta dawo. Ya ce to zai jira ta a nan, don nan ne gidansu. Na matsa masa ya zauna, muka jira ta tare.

Kakarki,
Verna