Kwafin da Ba Ya Fita Ƙofa

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aiki a babban ofishi?

Likita ya ce idona na dama ya tafi, na hagu ma yana haɗa kayansa. Abu ɗaya nake so in ƙara gani: littafin karatun 'yan aji biyu da marigayiya mahaifiyarki ta yi wa zane. Namu ruwa ya cinye shi shekarar da rufi ya yi yoyo. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina jigilar littattafan kamfanin nan zuwa makarantu, yau ko ɗaya babu a gidana! Ki bincika mini.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa, ya jiki? Na shiga na fita. An daina buga shi tun kafin a yaye ni, rassanmu duk babu. Amma na samu guda a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gininmu.

Baba, da ka ga ɗakin nan! Tun kamfanin yana shago ɗaya da injin juyawa da hannu, mai shi ya kafa doka: duk littafin da aka buga, a ajiye guda. Yau muna bugawa a ƙasashe barkatai, cikin harsunan da ko sunansu ban sani ba, amma dokar tana nan daram. Da na riƙe shi, sai da na yi kuka.

Sai dai ba ya fita. Na roƙi mai kula da ɗakin, ta ce, "'Yar nan, ko shugaban kamfani ne, a nan zai zauna ya karanta." Na turo maka hotunansa ta waya.

A huta lafiya.
'Yarka

Auta,

Bayan gaisuwa, kada ki ji haushin matar nan, ki gaishe mini da ita. Da aro suke bayarwa, da yau ba ki same shi ba. Hotuna sun iso, amma hasken waya hawaye kawai yake sa ni. Littafin nake so in kawo daf da hancina. In bai yiwu ba, na haƙura.

Allah ya tsare.
Mahaifinki

Baba,

Barka da war haka. Na karanta mata wasiƙarka. Sai ta ce, "Littafi aka hana fita, wa ya hana mutum shigowa?" Har ta ajiye maka kujera kusa da fitila. Zan zo in ɗauke ka, kada ka yi mini gardama.

'Yarka mai kewarka

Auta,

Ina gaisuwa. An goge mini riga, na shirya. Ki ce ta buɗe shafin da wani direba mai manyan kunnuwa yake sauke kwali. Mahaifiyarki har ta rasu tana rantsuwa ba ni ba ne. Zan duba da kaina, tun ina iyawa.

Sai kin zo.
Mahaifinki