Hajiya, a Dawo wa Baba da Kwano Mai Baki

Zuwa ga Hajiya Uwani, mai gidan abincin bakin titi, Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da duk masu taya ki aiki. Yaya ƙafar taki? Na ji an ce ita ce ta hana ki zama a gaba kamar da. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Sunana Sabi'u, malamin firamare ne ni, a Sabon Gari nake zaune. Idan sunan bai faɗo miki ba, ni ne wanda kan zo duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tare da dogon dattijon nan mai farar babbar riga da kike ce wa Baban Darki. Mahaifina ne, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Na so in same ki baki da baki, amma duk zuwan da na yi sai a ce kina ciki wajen tukwane, ni kuwa ba zan kutsa madafin mata ba. Sai na ga gara in rubuta a fili, domin yabon da ke bakina ya fi ƙorafin yawa, kuma ina so jama'a su ji shi.

Na farko, gaskiyar da babu mai gardama a kanta: a garin nan ba a yi mai miyar kuɓewa kamarki ba. Na san girkinki tun kina rumfar zana da bencuna, ana zuba wa mutum a kwanon samira. Tuwon shinkafarki ba gudaji, ga laushi, amma ba ya bin yatsa. Kifinki na kogin nan ne, ba a taɓa jin ya yi ƙarnin kwana ba. Man shanunki kuwa tun daga tsallaken titi yake kiran mutum. Direbobin manyan motoci sukan wuce garuruwa da yunwa a cikinsu don kawai su iso wurinki, ɗaliban jami'a kuma da yawansu ke kika raine su, ko iyayensu ba su sani ba. Ban taɓa ganin kin kori mai yunwa ba.

Na biyu, ɗanki Nura, wanda ya dawo daga aikin otal a birni ya karɓi ragamar gaban gida, ya cancanci a yaba masa. Ya sa tayil, ya sa fankoki, ya kawo famfon wanke hannu da sabulu, ya ware wa mata da iyali wurinsu. Ƙudan da muka saba kora da hannun hagu sun yi ƙaura. Masu kawo abinci suna gaishe da mutum cikin ladabi. Babban abin da ya burge ni, bai taɓa tukunyarki ba, ɗanɗanon nan yana nan inda muka san shi. Allah ya yi masa albarka.

Na uku, a nan ƙorafina yake. Tun da aka yi gyaran nan, kwano ya ɓace daga gidan. Tuwo yanzu a kan shimfiɗaɗɗen katako yake zuwa, an mulmula shi ƙanana-ƙanana kamar ƙwan zabi, an jera. Miya tana gefe a ɗan kofin da bai fi na shayin Larabawa ba. Dambu a cikin kwalba ake kawo shi, wadda hannu ba ya shiga, sai mutum ya yi ta zungura da dogon cokali. Zoɓo a wata kwalba mai siffar ƙwan lantarki, wadda ba ta iya zama da gindinta sai an riƙe ta. Ranar da na ga an kawo wa wani direba shinkafa da wake a cikin ɗan shebur, ya dubi mai kawowa ya ce, "Malam, ni ci zan yi, ba kwaɓa siminti ba." Duk wurin aka yi dariya, har da Nura.

Na san dalili. Matasa suna ɗaukar hoto su watsa a waya, wasu su gani su zo. Kasuwa ce, ban raina ta ba, kuma hoton yana kyau, ba ƙarya. Amma Hajiya, ke kin fi kowa sanin halin kuɓewa. Miya ce mai tafiya, in ba ta samu abin da zai tare ta ba sai ta kama hanya. Kakanninmu ma ai a katako suka ci tuwo, akushi ba ƙarfe ba ne, sai dai su sun fafe shi tukuna. Ga shi kafin a gama jera ganye da yankan lemon tsami a gefe, tuwon da kika sauke da zafinsa ya huce. Ina jin haushin wannan saboda ke, domin wahalarki ce take sanyi a hanya.

Duk waɗannan da na haƙura, ni mai ido da ƙarfi. Abin da ya hana ni haƙuri shi ne na Baba, kuma sai na yi miki bayanin abin da ba ki sani ba.

Tun da mahaifiyarmu ta rasu, cin abincin Baba ya lalace. A gida, can ƙauyenmu Darki, surukansa suna iya ƙoƙarinsu, amma loma kaɗan zai yi ya janye hannu ya ce alhamdu lillahi. Wurinki ne kaɗai yake ci har ya suɗe yatsa. Ya taɓa ce mini, "Hannun matar nan irin na uwarku ne." Shi ya sa duk Juma'a nake tafiya da babur in ɗauko shi, mu yi salla a gari, mu zo wurinki. Taubashinsa Malam Iro, mai sayar da igiya a kasuwar shanu, yakan same mu a nan. Kin san wasan taubasai. Tun daga sallama Malam Iro zai fara: "Ga tsohon da ya cinye gadonsa a tuwo!" Baba ya rama, su yi ta yi har a wanke hannu. A duk mako, wannan ce fitar Baba, kuma nan ne nake jin dariyarsa.

Idanun Baba sun yi rauni, dishi-dishi yake gani. Mutum ne mai jin kansa, ba ya son a ambata, ba ya son a riƙe masa hannu. Abin da ya rufa masa asiri shi ne babban kwanon nan naki da kike zuba mana mu uku. Tun ina yaro aka koya mini in riƙe bakin kwano da hannun hagu idan ina ci da manya, kuma har yau da furfura a gemuna ban daina ba. Mutane suna ganin ladabi ne kawai. Ladabin ne, amma akwai ƙari. Da wannan riƙon nake juya kwanon a hankali, ɓangaren da ya fi miya ya koma gabansa. In na ɓare kifi na zare ƙaya, sai in tura tsokar wajensa kamar ban kula ba. Shi kuma yatsunsa su sami bakin kwano, su gangara, su tarar da komai a inda ya kamata. Ya san abin da nake yi, na san ya sani, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ko Malam Iro da muke ci tare a kwanon bai taɓa ganewa ba.

Ranar da muka fara tarar da sabon tsari, na roƙa a haɗa mana a kwano ɗaya. Aka ce mini da ladabi, yanzu kowa da nasa ake yi, kuma an kwashe kwanonin. Aka ajiye wa Baba katakonsa, ni nawa, Malam Iro nasa. Ina kallo Baba ya yi bisimilla ya miƙa hannu yana neman bakin kwano, babu. Ya lalubo tuwon ya gutsura, ya shiga neman miya. Ban isa in miƙa hannu cikin abincinsa a gaban mutane ba, wannan tona asiri ne da ya fi wanda nake gudu. Kafin in san abin yi, bayan hannunsa ya ture kofin. Kuɓewa ta bi katako, ta bi tebur, ta sauka a kan farar rigarsa ta Juma'a. Bai ma gani ba, sai da ya ji ɗumi a cinyarsa.

Masu aiki sun kyauta, sun rugo da ruwa da tsumma, Nura da kansa ya zo yana ba da haƙuri, ya ce a sake zubo wani. Ba ni da abin cewa a kansu. Amma Malam Iro, wanda da ƙwayar shinkafa ce ta maƙale a gemun Baba sai ya yi wata guda yana yi masa tsiya, ya dubi hannun Baba, ya dubi idonsa, ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Baba ya ce, "Na ƙoshi, mu tafi." Muka hau babur, har muka kusa Darki. Sannan ya ce, "Ka ji Iro bai ce komai ba?" Wallahi Hajiya, sai da na rage gudu, don idona ya cika da ƙwalla.

Tun daga ranar bai sake yarda ya zo ba. Na gwada saya masa in kai gida a kular abinci, ya ɗan taɓa ya ture, ya ce tuwon Hajiya a wurin Hajiya ake ci. Ya rame, duk wanda ya san shi zai gani. Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izininsa, tunda sirrinsa ne. Ya ce, "Abin da ya zube a gaban jama'a, me ya rage a ɓoye? Rubuta, amma ka gaishe ta da kyau."

Don haka ga roƙona.

Kada a fasa katako da kwalba ga masu so. Matasa su ci, su ɗauki hotonsu, Allah ya ƙara kasuwa. Amma a tambayi mutum tun a farko: kwano ko katako? A dawo da manyan kwanonin nan ko da kaɗan ne, ga waɗanda suka saba haɗa hannu, ga tsofaffi, ga masu rawar hannu, ga duk wanda ya zo don cikinsa. In kwanonin sun salwanta, akwai akushin mahaifiyarmu a gida, zan zo da shi, a zuba mana a ciki in ba zai ɓata tsarin gidan ba. Kuma ina roƙon Nura kada ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska. Yaro ne mai hankali, na tabbata bai san akwai wanda bakin kwano yake yi wa jagora ba.

Malam Iro ya tare ni a kasuwa, ya ce in gaya miki ki taimaka, wai tsiyar da ya tara wa tsohon nan ta yi masa yawa a ciki, ba shi da inda zai sauke ta. Baba kuwa, duk Juma'ar da na je, ina tarar da farar rigar nan an wanke ta an goge, tana ninke a gefen shimfiɗarsa. Bayan mun gaisa, ba ya tambayata makaranta, ba ya tambayata yara, sai ya fara cewa, "Sun dawo da kwanon?" Na gaji da ce masa tukuna. Ki taimake ni, Hajiya, in je masa da amsar da za ta sa ya ce in miƙo masa rigar.

Allah ya ƙara wa hannunki albarka, ya ba ki lafiyar ƙafa, ya raya miki Nura da 'yan'uwansa, ya sa abincin da kika ciyar da bayinsa ya zama nauyi a mizaninki ranar gobe.

Wassalam.

Ɗanki,
Sabi'u, ɗan Baban Darki,
Sabon Gari, Wudil.