Man da na kai wa Baba, laifin da ya faɗa kan ƙanwata

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da duk mai karantawa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina kuma roƙon ku kada ku yi saurin zagina, ku karanta har ƙarshe tukuna, don babu kalmar da za ku faɗa mini wadda ban riga na faɗa wa kaina ba.

Ni malamin lakwal ne, ina koyar da fizik da shimi, wato kimiyyar sinadarai, a wata kwaleji a Madawa. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Allakai, cikin ƙasar Buza. Mahaifinmu manomi ne, yana cikin mutanen da suka jera duwatsu da hannunsu a kan tudu don tare ruwan sama har fako ya koma gona. Shekara uku ke nan da majo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, ya ce yana da tansiyo, wato hawan jini, ya rubuta masa ƙwayar da zai riƙa sha kowace safiya. Ƙanwata, bari in kira ta Rakiya, ita ke gida tun rasuwar mijinta, ita ke miƙa masa ƙwayar da kofin ruwa.

Da na je hutun damina bara, na bi shi gona na ga ya kasa kai kunya ɗaya ƙarshe. Ya zauna a ƙasa yana kallon hannuwansa, ya ce mini shi ba mutuwa yake tsoro ba, ranar da za a riƙa ɗaga shi ana kwantarwa yake tsoro. Maganar ta tsaya mini a rai. Da na koma Madawa na duƙufa bincike a salula, har na ci karo da labarin wasu ƙwayoyin karbon, wato abin nan da ke cikin gawayi, amma a haɗe sittin-sittin kamar ƙwallo, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya ganin su. An ce suna tsotse abubuwan da ke cin jiki daga ciki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, an ce an narka su cikin man zaitun an ba ɓeraye sun yi tsawon rai. A ƙasan wannan na ga inda aka ce wasu sun sake gwadawa ba su ga haka ba, kuma ba a tabbatar da komai a jikin mutum ba. Na gani da idona, na wuce. Ni da kullum nake ce wa ɗalibai kada su yarda da abin da ba a tabbatar ba, me ya rufe mini ido? Son Baba ne, ko son a ce ɗansa mai boko ya kawo abin da majo bai sani ba?

Na sa wani ɗan kasuwa mai fita waje ya taho mini da kwalba biyu na wannan man. Man yana da launin ɓawon albasa. Na kai wa Baba na ce cokali ɗaya da safe. Ya ɗaga kwalbar ya duba, ya tambaye ni, “Wanga da ƙwayar majo, wane ya hi?” Wallahi har yanzu ina jin muryata. Na ce, “Baba, ƙwaya danne ciwo kawai take yi, wannan kuwa daga tushe yake gyara jiki.” Ban ce ya bar ƙwayar ba, amma ban ce kada ya bari ba. Ya ce kada in gaya wa Rakiya don za ta dame shi da tambaya, na yi dariya na amince. Duk lokacin da na kira, sai ya ce ƙarfinsa ya dawo, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Lokacin girbi ya faɗi a gona da hantsi. Aka kawo shi Madawa, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace. Likita ya tambaye ni a gaban kowa ko yana shan wani abu ban da ƙwayarsa. Na ce a'a. Da aka koma gida ana gyara ɗakinsa sai aka tarar da ƙwayoyin a ƙulle cikin leda a aljihun tsohuwar rigarsa, na wata da watanni. Ashe karɓa yake yi, in Rakiya ta juya baya ya ɓoye. Ƙanen mahaifinmu ya tara dangi ya ce sakacin Rakiya ne, aiki ɗaya aka ba ta ta kasa tsayawa ta ga ya haɗiye. Ina zaune a wurin, kaina a ƙasa, na bari aka ɗora mata laifin.

Tun daga ranar Rakiya ba ta koma daidai ba. Ta rame, ba ta zuwa suna ba ta zuwa biki, ita ke wanke shi ita ke juya shi. Watan jiya ta durƙusa a gabana tana kuka ta ce, “Yaya, ka gahwarta mini, ni na kashe muku uba da rai nai.” Na ce mata ƙaddara ce. Wane irin mutum ne zai karɓi wannan roƙon ya tashi ya tafi? Baba kuma kalma ɗaya yake iya fitarwa sosai, in ya gan ni sai ya kafe ni da ido ya ce “mai, mai.” Rakiya ta ɗauka shafawa yake so, sai ta ɗauko man shanu tana murza masa ƙafa. Ni kaɗai na san abin da yake nufi, kuma ban sani ba ko roƙona yake in ƙaro, ko tuhumata yake yi.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne ranar kasuwar da ta wuce. Na haɗu da aminin Baba, wani dattijo daga wajen Dewule, shi ma mai tansiyo. Ya ja ni gefe ya ce kwalbar da Baba ya ba shi ta kusa ƙarewa, in taimaka in sayo masa wata, don tun da ya same ta ya huta da ƙwaya. Na ce masa ya koma ga ƙwayarsa, ya yi dariya ya ce ai babana ya gaya masa abin da na faɗa da bakina. Ba zai yarda ba sai na gaya masa gaskiyar abin da ya kayar da abokinsa, kuma in ya sani, kafin la'asar ƙauyenmu duka ya sani.

Ban san ko man da kansa ya cutar da Baba ba, amma na san maganata ce ta raba shi da maganinsa. In na faɗa, da wane ido zan dubi Rakiya bayan na bar ta shekara guda tana ɗauke da laifina? In na yi shiru, ga wani tsoho yana tafiya a kan hanyar da Baba ya bi. Ta wa zan fara, ita, ko dattijon, ko likitan da na yi wa ƙarya? Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?