Kada Ku Taɓa Ginshiƙin Tsakiya

Ni Fatbardha, uwarku, da hankalina nake wannan rubutu. Ilir, kada ka ce magani ne ya ruɗa tsohuwa.

Na ɗaya. Tsohon masaukin kakanku da ke kasuwar garin Gjirokastër naku ne ku uku, Gezim da Ilir da Mirela, ba rabawa, ba sayarwa. Kun ce mashaya za ku mai da shi, wurin hira da kiɗa. Ban so ba, kun sani. Na haƙura ne don gara hayaniyar mutane da ta ɓeraye. Amma wanda ya bugu a raka shi gida, kada a ƙara masa ko ɗigon barasar raki.

Na biyu, kuma shi ya hana ni sukuni. Ginshiƙin katakon da ke tsakiyar zaure ya tsaya inda yake. Ilir, na ji kana gaya wa magini wai ya tare filin rawa. Ka girma a ƙasar Girka cikin gidajen kankare, ka manta rufinmu falalen dutse ne, ba siminti, nauyinsu kaɗai ke riƙe su, kuma a kan ginshiƙin nan nauyin yake sauka. Ina budurwa maƙwabtanmu suka cire nasu don ɗakin biki ya yi faɗi. Rufin ya yi shiru har ruwan sama ya jiƙa shi, sai ya rufta. Da ni aka wanke gawar amaryar. Yanzu da na rufe ido sai in ga 'ya'yan mutane suna rawa a ƙarƙashin namu.

Na uku. Duk shekara kafin saukar ruwa, Gezim ya hau ya gyara duwatsun da suka zame, yadda babanku yake yi. Ilir ya riƙe masa tsani. E, kai Ilir. Gabar da kuke yi tun da Gezim ya kira ka ɗan yawon buɗe ido ta ƙare. Gezim, kai ne babba, kai za ka fara ba da haƙuri.

Na huɗu. Mirela, mabuɗi a hannunki zai zauna, tukwanena na tagulla ma naki ne. Ranar da kika ga an shigo da zarto, ki kulle ƙofa, ki kira kawunku Petrit, ki tara musu unguwa. Kada ki ji nauyinsu don yayyenki ne.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare duk wanda zai zauna a gidan nan. Ku ci abincin Lahadi tare ko kuna fushi da juna. Ba kabarina nake tsoro ba, 'ya'yana. Tsorona a haƙa wa 'yar wani nata kusa da ni, a ce 'ya'yan Fatbardha ne sila.